Akawu, Ka Shaida?

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, kin huce gajiyar mota, Gwaggonki Asabe ta cika ki da tuwo da surutu kamar yadda ta saba. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Ni na ba innarki takardar ta tura ƙasan jakarki, na ce kada ta kira ki ta gaya miki sai motarku ta wuce Dogon Daji, inda ba ki da halin juyowa ki dubi idona. Kin ga ke nan ubanki ba jarumi ba ne.

Ranar da Kawunki Sambo ya zo yi miki sallama, ina zaure ina jin ku. Kika gaya masa kamfanin da ya ɗauke ki aiki, firiza da batirin sola yake haɗawa, kuma a ofishin lissafi an ce ke za ki riƙe sashen garanti. Sai kika ƙara da cewa, "Kawu, ni dai aikin Baba za ni yi, awa yadda yay yi shi. Ba a taɓa kama shi da kwabon kowa ba." Gaskiya kika faɗa, ban taɓa sa hannu a aljihun kowa ba. Amma akwai ɓarnar da akawu ke yi da alƙalami hannunsa a tsabtace, kuma na yi ta, a kan wannan garantin da za ki riƙe. Ba zan bari ki tafi da ni a ka a matsayin abin koyi ba alhali ba ki san ko wane ne ni ba.

Kin san injin ban ruwan nan da ya daɗe a kusurwar zaurenmu, wanda kike zama a kansa kina haddar darasi, innarki kuma take ɗora masa faifai. Na gaya muku rabona ne da aka rufe kamfani. Ƙarya na yi muku. Injin wani bawan Allah ne, Malam Hashimu, manomin albasa a fadamar Kebbe.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Lokacin kina farkon firamare, Alhaji Mudi ya tara mu, malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma, muka zuba jari muka buɗe kamfanin sayar da injinan ban ruwa a bakin titin Tambuwal. Shi ne shugaba, ni ne akanta, ko da yake kowa Akawu yake ce mini. A rasit ɗinmu an buga garantin wata shida. Amma wane manomi ne ke karanta rasit? Abin da ya sa mutanen Kebbe da Sanyinna ke wuce shagunan wasu su zo namu wata al'ada ce ta Alhaji Mudi. In an gama ciniki, sai ya kama hannun mai saye ya ɗora a kan tankin injin, ya ɗora nasa a kai, ya ce da ƙarfi yadda duk shago zai ji:

"Injin ga, in yam mutu kafin ka cire albasa sau biyu, nawa na, ba naka ba."

Sannan ya waiwayo inda nake zaune a bayan tebur.

"Akawu, ka shaida?"

Ni kuma in ɗago kai in ce, "Na shaida."

Ban san sau nawa na faɗi wannan kalma ba. Har ta zama mini kamar amsa sallama, bakina na faɗa hannuna na rubuta wani abu dabam. Shekarun farko kuwa mun cika alƙawarin. Inji ya dawo, a gyara kyauta ko a sauya, labari ya zagaya fadama cewa maganar shagon Alhaji Mudi ba ta faɗuwa ƙasa.

Kuskurena na farko a nan yake. Na ɗauka abin da aka buga a takarda kaɗai ne nauyin kamfani, abin da aka faɗa da baki kuwa kirkin Alhaji ne, in ya ga dama ya yi. Ba haka ba ne, kuma na san ba haka ba ne, don a makaranta an koya mana, ke ma an koya miki. Duk abin da kamfani ya saba yi wa masu saye, har suka sakankance zai yi, ya zama bashi a wuyansa ko ba a rubuta ba. Don haka in kin zauna a kujerarki, kada ki tsaya ga katin garanti da ke cikin kwali. Ki bincika me masu talla ke faɗa a kasuwa, me dillalai ke rantsewa a kai, me kamfanin ya saba yi wa wanda ya dawo da firiza bayan wa'adi ya wuce. In sun saba gyarawa kyauta, to ki lissafa shi cikin abin da ake bin kamfanin.

Sai shekarar da muka sauya inda muke saro kaya. An samo wasu injina masu araha, fenti ja wur, in kin gan su sai ki ce sun fi na da. Muka sayar da su kamar ana rabo. A wannan shekarar Malam Hashimu ya zo, dogo, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Bijiminsa ya sayar ya sayi injin. Alhaji ya ɗora masa hannu a tanki, ya yi maganarsa, ya waiwayo. Na ce na shaida. Malam Hashimu bai dubi Alhaji ba, ni ya duba, ya gyaɗa kai, don a ganinsa mai biro ba ya magana a banza.

Kafin shekara ta ƙare jajayen injinan sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi yawa ba tukuna, amma mai ido ya ga inda aka dosa. Da na zo rufe lissafin shekara, na zauna na yi abin da ya kamata. Na dubi yawan da muka sayar, na dubi yadda suke dawowa, na ƙiyasta abin da gyara da sauyi za su ci a rani biyu masu zuwa, na ware shi a matsayin tanadin garanti. Da na cire shi daga riba, sai ribar ta koma 'yar mitsitsiya.

Uwani, ina so in ce miki Alhaji Mudi ne ya tilasta ni. Da ya fi mini sauƙi, tunda ya riga mu gidan gaskiya, ba zai musa ba. Amma bai tilasta ni ba, bai ma san na yi wannan lissafin ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya leƙo ofis yana murmushi ya ce, "Akawu, bana ƙaƙa? Mutane na jiran rabo, ga Salla ta matso." Na san masu jiran. Hedimasta na son cika kuɗin kujerar Makka. Wani na son rufin ɗaki. Ni kuma ga takardar shigarki sakandare a Sakkwato a aljihuna, makarantar kuɗi, wadda na riga na yi wa mutane burga za ki shiga. Sai na ce masa, "Bana sai godiya, Alhaji." Da ya fita na goge layin tanadin da hannuna.

Har fatawa na ba kaina. Na ce ai wannan gaibu ne, Allah kaɗai ya san injin da zai mutu, don me zan rubuta asarar da ba ta faru ba? Dubi yadda mutum ke jawo addini ya rufe son zuciyarsa. Ba wanda ya ce in san injin wane ne zai mutu. Amma na san wasu za su mutu, kamar yadda na san damina za ta zo ko ban san ranar ruwan farko ba. Kakanki bai yi boko ba, amma bai taɓa auna gero ya ce duka na ci ne ba, sai ya fitar da iri ya rataye tukuna. Ni da takardar shaidata na haɗa da irin na kira shi riba.

Ki riƙe wannan da kyau. Ranar da aka sayar da kaya da garanti, ranar aka ɗauki nauyin gyaransa, ba ranar da ya lalace ba. Kuɗin gyaran na shekarar cinikin ne, a cikinta za ki cire shi, ko da kayan bai dawo ba tukuna. In kika bar shi sai ya dawo, kin ƙawata bana da kayan baɗi, kin sa masu jari sun raba kuɗin da ba nasu ba. Kuma ƙiyasi ba a yin sa sau ɗaya a kwanta. In kamfani ya sauya batir ko ya sauya inda yake saro kaya, lissafin bara ya tashi aiki, ki sake sabo. Ki riƙa sauka wurin masu gyara kina gaishe su, ki ga da idonki abin da ke dawowa, don takarda takan makara. Ban ce kuma ki kumbura tanadin ba. Akwai manyan da za su so ki cika shi fiye da kima a shekarar da aka samu, don su ɓoye riba su fito da ita a shekarar da aka rasa. Wannan ma ƙarya ce, ta sauya riga ne kawai.

Ban tsaya nan ba. Akwai wani ɗan kuɗi da muke karɓa dabam daga wanda ya so, muna ce masa kuɗin duba inji. In ka biya, bakanikenmu zai riƙa zuwa har gonarka yana duba maka inji tsawon rani biyu. Malam Hashimu ya biya, na ga lokacin da ya kwance bakin aljihu ya ƙirgo canjinsa. Wannan kuɗi ba namu ba ne sai mun yi aikin, kamata ya yi a ajiye shi a riƙa shigar da shi kaɗan-kaɗan yadda aikin ke tafiya. Ni na zuba shi gaba ɗaya cikin cinikin shekarar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa mun ci ladan mun sayar da askar. In kamfaninku na sayar da ƙarin garanti dabam da kuɗin kaya, ki raba su tun a rasit, kada ki yarda a gwama.

Sai mai binciken lissafi ya zo daga Sakkwato, wani saurayi mai ladabi, yana ce mini Baba. Kafin ya iso na sa an jera injinan da suka dawo a bayan shago, an goge su, na ƙirga su cikin kayan sayarwa da cikakken farashinsu. Ya duba takardu, ya ga komai tsaf, don ni gwani ne wurin tsafta. Da zai rufe fayil ya tambaye ni ko akwai wani alƙawari da kamfani ya ɗauka wanda ba ya cikin takardun nan. Na zaro rasit na nuna masa inda aka buga wata shida. Ban yi ƙarya da baki ba, yatsa kawai na nuna. Sannan na aika aka sayo masa balangu, muka ci tare, na raka shi mota. Duk sanda na tuna yadda ya durƙusa ya yi mini sallama, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In odita, wato mai binciken lissafi, ya tambaye ki abu, ki amsa abin da yake nufi, ba abin da zai fisshe ki ba. Abin da ba ki da tabbacin adadinsa ma, ki bayyana shi a bayanan da ke biye da lissafi, masu karatu su san yana nan.

Aka yi rabo, aka yi Salla, kowa na sa mini albarka. Kika shiga makarantarki da sabon akwati.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Rani na biyu na kamawa injinan suka fara mutuwa kamar an yi musu shela. Kullum sai ka ga babur ya tsaya a ƙofar shago, inji ɗaure da roba a baya, mai shi ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasar hanyar Kebbe. Ba kuɗin kayan gyara, ba kuɗin sauyi, ba ma na man da bakanike zai zuba ya je gona. Masu jarin da suka sha rabo kowa ya ce nasa ya shige. Alhaji Mudi ya fara fakewa a gida, aka bar ni da mutane. Nan na koyi wata sabuwar kalma, na maye gurbin ta da: "Rasit ya ce wata shida."

Malam Hashimu bai same ni a shago ba, sai ya biyo ni gida. Albasarsa ta fara ƙwai, lokacin da ba ta jure ƙishi ko kaɗan. Ya sauke injin a zaurenmu. Kina gida hutu, ke kika kawo masa ruwa a kwanon sha, ya sa miki albarka. Na fara yi masa bayanin rasit da wata shida, ina kawo Turanci ina kaiwa. Ya bari har na gama, sannan ya ce:

"Akawu, ni ban iya karatu ba. Kuma ba Alhaji niz zo gani ba, kai niz zo gani. Kai kac ce ka shaida."

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Bai zage ni ba. Na ce ya bar injin, ya dawo wani mako, za a san yadda za a yi, alhali na san babu yadda za a yi. Ya dawo, na ce ana jiran kaya daga Kano. Ya sake dawowa, na sa innarki ta aiko a ce ba na nan, ina cikin ɗaki ina jin tashin babur ɗinsa. Daga nan bai ƙara zuwa ba. Da tun ranar farko na ce masa babu, da ya nemi hayar inji a wani wuri tun albasar na da rai. Jiran da na sa shi ne ya kashe ta. Wannan ya fi goge layin nan muni, kuma ba a koyar da shi a kowace makaranta: in ba za ki iya cika wa mutum ba, ki gaya masa yau, ya san inda zai nufa.

Kamfani ya rufe. Ba wanda ya tuhume ni, don takarduna ba su da tabo, aka ce tsautsayi ne da mugun kaya. Na koma aikin ƙaramar hukuma da sunana mai kyau. Injin ya zauna a zaure, ni kuma na koyi wucewa ta gabansa ba tare da na kalle shi ba.

Bayan maganar da kika yi wa Kawunki, na kasa zama. Kin tambayi inda injin ya tafi, innarki ta ce an kai gyara. Wannan karon gaskiya ce. Na sa aka sauya masa duk abin da ya mutu a ciki, na ɗaure shi a bayan babur, na kama hanyar Kebbe da tsufana, ramuka na jijjiga mini ƙugu. Na yi tambaya har aka nuna mini gidan. Na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya, gemu ya yi fari fat. Ban gama sallama ba ya ce, "Akawu na?"

Na sauke injin, na faɗa masa duk abin da na rubuta miki a nan, ban rage ba. Ya saurara. Ya sa aka kira ɗansa ya ja igiyar tayar da injin, injin ya tashi da bugu ɗaya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tankin, daidai inda Alhaji ya taɓa ɗora masa, ya daɗe yana jin rawar ƙarfen. Sannan ya ce a kashe, kada a ɓata mai.

"Shina da lafiya," ya ce. "Sai dai ba ni da inda nika kai shi. Fadamar ta tafi tun shekarar nan, jingina ta cinye ta."

Ɗan nasa, wanda ya ja igiyar, sa'arki ne. A waccan shekarar ya bar makaranta, yanzu ƙwadago yake yi a fadamar da ta kasance ta ubansa. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya daɗe da yafewa, don ba ya son ya tashi gaban Allah da rigimar kowa. Ya ce yaron zai riƙa ba da injin haya, ba za a rasa na cefane ba. Ya sa aka kawo mini fura, na sha don kunya, ba don tana wucewa ba.

Da zan hau babur ya tambaye ni, "Ɗiyar nan da tab ba ni ruwa, ta girma?"

Na ce ta girma, ta gama karatu, har ta samu aiki a Kaduna. Ya ce wane aiki? Na ce irin nawa.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Madalla. Allah shi sa ta gaje ka."

Uwani, addu'a ce da ake yi wa kowane uba, kuma na tabbata da zuciya ɗaya ya yi ta, shi ya sa ta fi ciwo. Ya tsaya yana jiran amin. Ɗansa ma yana kallona. Na ta da babur na taho, har na iso Tambuwal ban iya cewa amin ba.

Karatunki halal ɗinki ne, ke ba ki ci haƙƙin kowa ba, kada ki ɗauki kayan da ba naki ba. Nawa ne, kuma ni da yaron nan mun fara magana a kan abin da zan iya yi masa daga fanshona. Abin da nake roƙo a wurinki ɗaya ne. Watarana za a turo miki lissafin shekara, wani babba ya leƙo yana murmushi ya tambaye ki bana yaya, kina da taki buƙatar a aljihu. Sa hannun da za ki yi a ƙasan takardar nan, shi ne "na shaida". Akwai wata mata a wani gari da ta sayar da akuyarta ta sayi firiza don ta yi ƙanƙara ta ciyar da 'ya'yanta, ba za ki taɓa ganinta ba, amma da ke ta dogara. Ki bar mata layinta a cikin lissafin.

Ki gaida Gwaggonki da maigidanta da yara. Ki kula da salla a kan lokaci, kada ki riƙa hawa babur ɗin da ba ki yarda da mai shi ba, ki kira innarki ko ba ki da labari. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da na zuciyarki, ya ba ki abokan aiki masu tsoronsa, ya sa albarka a albashinki. Ki gaji kakanki a wurin ajiye iri, ki gaji innarki a wurin haƙuri. A wannan aiki kuwa, Allah kada ya sa ki gaje ni. Wannan ita ce addu'ar da zan iya ce wa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Akawu, Tambuwal